Darasi Na Tara: Murhun Birni da Dajin Nesa

A wannan darasi za mu duba abin da ya haɗa sare itatuwa da zafin da muke kuka da shi, da kuma abin da masana ke kira ɗumamar yanayi. Ba sai mun je wata uwa duniya neman misali ba, birnin Kano ya ishe mu.

Mu fara da sunayen unguwanni. Akwai Durumin Iya, akwai Durumin Zungura, ga Cediyar 'Yan Gurasa, ga Rimin Ƙira, ga Kukar Bulukiya. In an fita bayan ganuwa ga Ɗorayi da Giginyu da Kurna. Duk itatuwa ne da suka tsaya a wurarensu, suka girma, har suka zama abin kwatance. Tarihin Kano ya ambaci wani kurmi mai duhu a bakin Jakara tun zamanin Barbushe, kuma a wannan yanki ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya hau Dala ya hangi gari. Abin da ya ce ya gani a cikin ganuwa shi ne gidajen ƙasa da kududdufai da filaye kore, ga gwanda da dabino da alilliba da manyan rimaye sun ratsa tsakanin gidaje. Wanda ya hau Dala yau, abin da zai fi cika masa ido rufin kwano ne da siminti. Filayen da kakanni suka bari a cikin ganuwa don noma da kiwo lokacin yaƙi duk sun zama gidaje.

Iskar da ba a gani

Iskar da muke shaƙa gauraye take. Mafi yawanta naitirojin ne da oksijin, sai wata 'yar kaɗan da ake kira iskar kabon, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma take tashi duk lokacin da aka ƙona wani abu, ko itace ne, ko kara, ko fetur, ko kananzir, ko gas. Kada a rikita ta da hayaƙi. Hayaƙi ana ganinsa, yana sa hawaye. Gawayi kuwa yakan yi jawur a kurfoti babu hayaƙi ko kaɗan, alhali iskar kabon tana ta fita daga cikinsa.

Ga aikinta a sama. Rana takan dumama ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da zafin sama. Iskar kabon sai ta tare wani kaso na wannan zafi, ta hana shi ficewa, kamar yadda bargo yake tsare ɗumin jiki. Ba don ita ba, da duniya ta yi sanyin da ba za a iya zamanta ba. Bargo ɗaya a watan Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, rahama ne. Abin da ya ɓata lamarin shi ne ana ta jibga wani kan wani, kuma babu mai ɗagawa. Kafin a fara manyan masana'antu a Turai, wajen shekarar 1750, in aka kasa iska kashi miliyan ɗaya, kashi 280 ne na iskar kabon. Yau ya haura 420. A sanadin haka zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salshiyas, kuma 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Wani zai raina digiri ɗaya. To, wannan matsakaicin lissafi ne na duniya baki ɗaya, dare da rana, tudu da teku. In ya motsa kaɗan, sai a ji shi da yawa a wasu wurare. A watan Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

To ina itace ya shigo? Ganye yana zuƙar iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi abincinsa, ya saki oksijin. Kabon ɗin da ya zuƙa shi ne yake zama jikin itacen: kututture, rassa, saiwa. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Kun ma san shi da ido, domin baƙin gawayi shi ne kabon ɗin bayan ruwa da sauran abubuwa sun fice. Ɗorawar da ta shekara 50 a tsaye, tana riƙe da abin da ta kwashe daga iska a shekaru 50 ɗin nan. Ranar da aka kayar da ita aka ƙone, duk zai koma sama cikin 'yan kwanaki, kuma mai zuƙar wani ya tafi. Ƙasar gindinta ma tana riƙe da kabon na ruɓaɓɓen ganye da tsohuwar saiwa, kuma da zarar rana ta buɗe a kanta, shi ma sannu a hankali yake ficewa.

Mu yi ɗan lissafi, ku ɗauko biro. Kilo 1 na busasshen itace, in an ƙone shi, yana fitar da kusan kilo 1.8 na iskar kabon. Na san wani zai ce, yaya za a yi abin da ya fita ya fi itacen nauyi? Dalili shi ne a wajen ƙuna kabon yana haɗuwa da oksijin na iska, nauyin biyun ne a haɗe. A ce gida yana ƙona kilo 5 kullum. A shekara kilo 1,825 ke nan na itace, iskar kabon kuwa kilo 3,285. Gida ɗaya fa.

Amma a nan akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe, shi ne ma ƙashin bayan wannan darasi. In reshe aka datsa, itacen ya sake toho, sabon reshen zai sake zuƙe abin da tsohon ya fitar. Bashi ne aka ci aka biya. Inda ɓarna take shi ne a sare daga tushe, a ƙone kututturen, ko a riƙa sara fiye da yadda daji yake iya mayarwa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa daga 2015 zuwa 2020 ana share dajin da ya kai hekta miliyan 10 kowace shekara a duniya. Kusan kashi 1 cikin 10 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa daga nan yake zuwa.

Daga ina itacen birni yake zuwa?

Ku zaga cikin gari da asuba ku gani. Mai gurasa ta zuga tanderu da kara da itace. Gidan burodi ya kwana yana cin gungume. Mai shayi ya hura, mai ƙosai ta ɗora, da yamma mai tsire ya haɗa tukuba. Ranar biki kuwa a jera manyan tukwane a lungu, kowace da wutarta. In kun ɗaga kai a tsohon soro, ko a Gidan Makama, azarar da ke riƙe da rufin nan giginya ce, wadda sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Birni bai taɓa rayuwa ba tare da daji ba. Maƙeran da suka zauna gindin Dala fiye da shekara 1,000 da suka wuce, da gawayi suka narka tama.

Wasu malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da Farfesa Michael Mortimore, sun bi diddigin itacen girkin Kano, aka buga sakamakon a 1990. Abin da suka samu ya ba mutane da yawa mamaki. An zaci ƙauyukan da ke kewaye da birni sun zama fili fetal, sai aka tarar ba haka ba ne. Manoman karkarar Kano, duk da yawansu, ba su bar gonakinsu ba itace ba. Suna barin ɗorawa don kalwa, kuka don miya, tsamiya don kunu, gawo don taki da abincin dabbobi. Reshe suke datsa, ba sa kashe uwa, saboda itacen nasu ne, kuma sun san ranar da zai yi musu. A da, daga irin waɗannan gonaki jakuna suke shigo da itace ta ƙofofin gari. Da birni ya cika ya batse, sai manyan motoci suka karɓi aikin, suna ɗebowa daga dazuzzuka masu nisa, inda itace ba na kowa ba ne. Can ne ake sara ba tausayi. Mai gatari ba zai dawo wurin baɗi ba, balle ya damu da toho.

Gawayi ya fi itace cin daji, ko da yake a gida ya fi tsabta. Ga yadda ake yin sa. A kayar da ɗanyen itace mai nauyi, irin su ƙirya da marke da kaɗanya, a yayyanka, a jera, a rufe da ciyawa da ƙasa, a bar 'yar kafa a cinna wuta. Kwana da kwanaki tulin yana ci a hankali, farin hayaƙi na tsattsafowa ta tsagar ƙasa. In an tone, abin da za a samu ɗan kaɗan ne: a irin wannan hanya sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi. Wato mafi yawan itacen ya ƙone tun a daji, bai dafa wa kowa komai ba. Buhunan da kuke gani jibge a bakin titi, da yawa daga jihohin da ke kudu da mu suke fitowa, irin su Kaduna da Bauchi da Neja. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da dama sun jingine tukunyar gas da risho sun koma kurfoti. Ba wanda zai ga laifinsu. Amma dajin da ke biyan wannan kuɗi bai san da tallafi ba.

Abin da yake dawo mana gida

Iskar kabon ba ta tsayawa inda aka fitar da ita, duniya take zagawa. Amma akwai illar da ba ta zuwa ko'ina, nan take zama tare da mu. Ta farko zafi. Inuwa kowa ya san ta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne babban itace yana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ya fitar da shi ta ganye, har ɗaruruwan lita a yini, kuma wannan tururi yana sanyaya iskar wurin. Shi ya sa gindin darbejiya ya fi rumfar kwano daɗin zama, alhali duka biyun inuwa ce. Kwano da siminti da kwalta kuwa zafi suke sha da rana su amayar da dare. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai wa digiri 40, wanda ke kwana a ɗakin kwano cikin lungu ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ta biyu ruwa, kuma ita ce mutanen birni suka fi mantawa da ita. A kudancin jihar nan, a ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, akwai Dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa. Kogin Kano ta cikinsa yake ratsawa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga ruwa yake gangarowa ya shayar da shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa, ya iso matatar Tamburawa, inda ake tace shi a turo cikin gari. In daji yana tsaye, ganye yana karya ƙarfin ruwan sama, saiwa tana riƙe ƙasa, ruwa ya nutse a hankali. In an share shi, ruwa sai ya kwaso yashi da laka ya jibge a cikin madatsa, cikinta ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Don haka mai sara a Falgore da mai jiran famfo a Yakasai, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ko sun sani ko ba su sani ba.

Yanayin ruwan saman ma ya sauya. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, in ta tashi saukewa sai ta sauke da yawa lokaci guda. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa irin ruwan nan mai tsananin ƙarfi ya ninka sau 3 a yankin Sahel tun daga 1982. A cikin birni kuma mun cike kududdufan da suke shanye ruwa mun yi gini a kai, mun toshe magudanai da leda. Wannan ba laifin ɗumamar yanayi ba ne, namu ne, amma in suka haɗu gidan ƙasa ne yake faɗuwa.

Kason wa ya fi yawa?

Kada ɗalibi ya tashi daga wannan darasi da zaton uwargida mai tuƙa tuwo ita ce ta dumama duniya. Mafi yawan iskar kabon da ta taru a sama daga ƙona kwal da fetur da gas ta fito, kuma manyan masu fitarwa su ne Sin da Amurka da ƙasashen Turai. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na wannan ba. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan magana wani ne ya ja, wani yake shan duka. Ko farin da aka yi a 1973 da na 1984, waɗanda dattawan cikinku ba su manta ba, masana sun gano cewa sauyin zafin ruwan teku ne babban sanadinsu, ba gatarin talaka ba. Shi ya sa a yarjejeniyar Faris ta 2015, da tarukan da suka biyo baya, ƙasashe irin namu suke ta neman masu arziki su ɗauki nauyin da ya hau kansu. Nijeriya ma ta yi dokar sauyin yanayi a 2021.

Sai dai sanin wannan ba ya sauke mana namu nauyin. Zafin lungu, da cikewar Tiga, da gonar da iska ke kwashe wa ƙasa, babu wani taron duniya da zai gyara mana su. Kuma duk yadda duniya ta ƙara zafi, garin da yake da itatuwa ya fi wanda ba shi da su jurewa.

Abin da aka yi a Maraɗi

Maƙwabtanmu sun nuna dawo da itatuwa yana yiwuwa. A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi sun zama fili, iska na binne shuka da yashi, dashen da ake yi kuma yawanci mutuwa yake. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta bukatar ko sisi: manomi ya zaɓi toho uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a kan kututture, ya cire sauran, ya riƙa gyara su yana karewa daga dabbobi. Da yake saiwar tsohuwa ce mai zurfi, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Manoman can suna kiran wannan sassabin zamani. Abin ya ƙara yaɗuwa da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ba zai sha tarar malamin daji ba don ya datsi reshe. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo ya fi yawa a wurare da dama, kuma manoma na son sa domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana.

A nan gida akwai layukan itatuwa masu tare iska da aka dasa a yankin Dambatta shekaru da dama da suka wuce. Akwai kuma shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma a 2015, Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa. Shiri ne mai kyau. Amma dashen da ake yi gaban 'yan jarida, a tafi a bar wa awaki, ba shi ne dashe ba. Itacen da ya ga damina ta uku shi ya kamata a ƙirga.

Mazaunin cikin ganuwa zai ce, ni ina na ga fili? Gaskiya ne, lungu ba ya ɗaukar rimi. Amma tsakar gida tana ɗaukar zogale ko gwanda ko lemun tsami, harabar masallaci da makaranta da maƙabarta suna ɗaukar darbejiya, muddin an nisanta ta da katanga. Malamanmu sun sha faɗa mana ladan wanda ya dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci. Sai dai babban abin da ɗan birni ke iya yi yana wajen murhu. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa a iska yake tafiya. Murhun da aka kewaye da yumɓu, aka bar ƙofa ɗaya, yana rage cin itace sosai. A yi amfani da busasshen itace, a rufe tukunya, a jiƙa wake kafin a ɗora, a kashe ragowar garwashi a ajiye. Riba biyu ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3 a shekara, kuma mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya iskar kabon take ƙara zafin duniya?
2. Mene ne bambancin datse reshe da sare itace daga tushe, ta fuskar iskar kabon?
3. In gidan burodi yana ƙona kilo 200 na itace a rana, kilo nawa na iskar kabon yake fitarwa a kwana 30?
4. Ku bayyana yadda sare itatuwa a Falgore zai iya shafar ruwan famfo a cikin birni.
5. Me ya sa manomin karkarar Kano yake tattalin itacen gonarsa, amma ake yi wa dajin nesa kaca-kaca? Ku tattauna a aji.

Aikin gida

Kowa ya je wurin mai gawayi ko mai itacen unguwarsu, ya gaishe shi, ya tambaye shi daga wane gari kayansa suke zuwa, wane irin itace ne, kuma nawa yake sayar da buhu bara, nawa bana. Mata kuma su lura da yawan itace ko gawayin da gida ya ci a mako guda, da kuɗin da aka kashe. A rubuta amsoshin a littafi, a zo da su darasi mai zuwa.